Garin da Na Hana Malam Gani

Tun da muka dawo daga Maroko ba a bar ni na huta ba. A gidan biki, a gidan suna, har a layin karɓar magani sai an tare ni: "Hajiya Asabe, yaya ƙasar Larabawa? Wai da gaske a jirgin ƙasa kuka yi ta yawo ke da Malam, kamar sababbin aure?" Sai in ce lafiya lau, alhamdu lillahi, in wuce. To na gaji da wucewa. Na kira maƙwabciyata Malama Rifkatu, wadda ta yi shekaru tana koyarwa kafin ta yi ritaya, na ce ta ɗauko biro. Ni ban taɓa shiga aji ba, amma na ja mata kunne: abin da na faɗa shi za ta rubuta, kada ta yi wa maganata kwalliya.

Zan fara da abin da ni ce ta ƙarshen sani. Lokacin da muka yi tafiyar nan idon Malam yana mutuwa. Likita ya riga ya gaya masa ciwon sugansa ya cinye jijiyar idon, ɗan abin da ya rage ba zai daɗe ba. Shi ya sani, autarmu Hadiza da ke aikin jinya ta sani. Ni da ake cewa ko allura ta faɗi a layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi sai na san mai ita, ban sani ba.

Malam ya yi shekara talatin da ɗoriya yana koyar da labarin ƙasa a sakandare. Akwai wani gari, Tanja, da ya ce a nan ƙasarmu ta Afirka ta ƙare. Wai mutum zai tsaya a bakin ruwa ya hango duwatsun Turai a ɗaya tsallaken da idonsa, ba da na'ura ba. Ya zana wa 'ya'yan mutane wurin nan a allo sau ba adadi, shi bai taɓa gani ba. Wannan ne kan tafiyar. Sauran garuruwan duk hanya ce.

Wata uku ya yi yana shiri. Kullum bayan la'asar zai shimfiɗa taswira a tabarma, ya kifa fuska a kai har hancinsa na taɓa takardar. Ya sayi littafi ya rubuta komai da manyan baƙaƙe, kowanne kamar ɗan yatsana: kwana biyu a Kasabalanka, biyu a Rabat, uku a Fas, uku a Tanja. Na ga girman rubutun na ce a raina iyayi ne irin na tsofaffin malamai. Na ga ya tsiyaya shayi a gefen kofi har sau biyu, na yi masa faɗan ɓarna.

Na ce masa, "In kuɗi ne suka yi maka yawa ga Umara nan. Wa ya taɓa jin tsoho da tsohuwa sun tafi kallon gari?"

Ya ce, "Mun je Makka sau biyu, Hajiya, kuma duk a cikin ayari. Ke a tantin mata, ni a na maza. Wannan ni da ke ne kawai."

"Ni da kai mu yi me?"

"Mu zauna, jirgi yana tafiya, muna kallo."

Rifkatu ɗin nan da ke rubutu tana cikin masu zuga shi. Ta leƙo ta katanga tana cewa, "Amarya, a sayo mana tsaraba." Na ce mata amarya tana gidan ubanta. Hadiza ce ta yi ta fama da waya har aka samu biza da masauki da tikitin jiragen. Ranar da za mu tashi ta riƙe hannuna ta ce, "Inna, don Allah duk inda kuka shiga ki zauna kusa da Baba." Na ce tun ba a haife ta ba nake kula da shi, ba sai ta koya mini ba.

Daga Kano muka hau jirgin sama zuwa Legas, daga can muka miƙa. A wurin binciken shiga ƙasar, wani ma'aikaci ya buɗe akwatina ya ci karo da ƙullin daddawa. Ya shinshina, ya ja da baya, ya kira ɗan'uwansa, shi ma ya shinshina. Na nuna musu baki na nuna ciki. Suka yi ta dariya, suka riƙe daddawar da kilishin, suka bar mini yaji da garin kunu. Har yau ban yarda zubarwa suka yi ba. Da muka fito na karɓi fasfo ɗinmu duka biyu da wayar Malam da maganinsa, na zuba a lalitar da na ɗaura a ƙugu. Na ce a hannuna za su zauna, don na san halinsa na ajiye abu ya manta.

Kasabalanka gari ne na hayaniya, ban ga abin da ya fi Legas da shi ba sai tsafta da sanyi. Masaukin ɗaki ɗaya, gado ɗaya. A gida kowa da ɗakinsa. Na tambaya ko akwai tabarma, Malam ya ce kada in ba shi kunya a gaban Larabawa. Abinci kuwa, komai da burodi. Miya da burodi, nama da burodi, har wake da burodi. Aka kawo mana nama a wani kasko mai murfi kamar malafa, na ɗanɗana na ji zaƙi, ashe da busassun 'ya'yan itace aka dafa shi. Na zazzage masa yaji har mai kawo abincin ya dafe kai. Shayinsu da na'a-na'a, sukari kamar za a yi alewa. Duk inda aka miƙo wa Malam sai in riga shi karɓa. Kwana biyun nan aikina ke nan, tare shayi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsofaffinsu. Za ka ga dattijo da furfura, matarsa da lulluɓi, sun riƙe hannu suna tafiya a titi, ba wanda ya juyo. Su zauna su ci a kwano ɗaya a bainar jama'a. Malam ya ce, "Kin gani? Su ma Musulmi ne." Na ce Musuluncinsu daban, kunyarmu daban. Da za mu tsallaka titi ya kamo gefen mayafina, na fizge. Na ɗauka kwaikwayon Larabawa yake yi.

Jirgin farko, zuwa Rabat, wajen awa ɗaya ne. Ban taɓa shiga jirgin ƙasa ba sai ranar. Ba girgiza, ba ƙara mai yawa, kuma lokacin da aka ce zai tashi, a lokacin ya tashi. Kujerunmu a jere suke, shi ta taga. Na ɗora jakar hannu a tsakaninmu. Idona yana kan akwatunanmu da kan wani mai jar hula da ban yarda da take-takensa ba.

Malam ya ce, "Hajiya, mene ne wancan fari-fari?"

Na ce, "Gidaje."

"Wancan kore fa, ruwa ne ko gona?"

"Kai da ka karanta ƙasar a littafi kake tambayata? Ba ga taga nan a gabanka ba?"

Bai sake tambaya ba har muka sauka.

A Rabat ya fi sakewa, don titunan suna da faɗi. Mai masaukinmu wata bazawara ce mai kyanwowi wajen bakwai, kowacce da sunanta. Ranar Juma'a ta yi mana kuskus, wani abu kamar burabusko, da kabewa da karas a kai. Shi kaɗai na ci na ƙoshi a ƙasar. Ta tambaye ni da hannu shekara nawa muka yi da aure, na ƙirga mata arba'in da uku. Ta rangaɗa guɗa, irin tamu sak, ta nuna Malam ta tambayi sunansa. Na ce Malam. Ta ce a'a, sunansa. Na sake cewa Malam. Mu yadda aka raine mu, mace ba ta kama sunan mijinta, kuma ni ban taɓa ba, ko a bayan idonsa. Ko a takardar nan ba za a rubuta shi daga bakina ba.

Jirgi na biyu, na zuwa Fas, shi ne ya zo da abin da ya zo da shi. Wannan ɗaki-ɗaki ne, kowane ɗaki mutum shida, ana fuskantar juna gwiwa da gwiwa. Muka shiga namu na tarar da maza huɗu. Na leƙa tarago na gaba na ga wani ɗaki duk mata, sai namiji ɗaya a takure. Na yi masa nuni mu yi musanya, ya tashi da murna. Na dawo in ja akwatuna.

Malam ya ce, "Ki zauna nan, Hajiya. Ina son ki kusa da ni."

A gaban mutane ya faɗa, ko da yake ba Hausa suke ji ba. Na ji kunya ta rufe ni. Na ce, "Ka ji tsoron Allah, da girmanka. In an iso zan zo in same ka." Na ja akwatuna biyu na tafi.

Matan nan sun karɓe ni. Wata tsohuwa ta ba ni dabino da gyaɗarsu mai ɗaci-ɗaci, ta shafa lallen hannuna tana gwadawa da nata. Muka yi wajen awa biyu. Jirgi ya tsaya a wata babbar tasha, mutane suka yi ta sauka. Na ce wa tsohuwar, "Fas?" Ta girgiza kai ta ce Miknas, ta nuna gaba. Na gyara zama. Ina waiwayawa ta taga sai na hango farar riga da hula zanna a ƙasa, cikin mutane. Malam ne. Ya ba ni baya, ya ɗaga kai yana kallon allon da aka rubuta sunan tashar, ya matsa kusa, ya ƙara matsawa.

Daga baya ya gaya mini ya tambayi na kusa da shi, "Fas?" mutumin ya gyaɗa kai yana nuna gaba, shi kuma ya ɗauka an iso, kuma ni na riga na sauka ta ɗaya ƙofar.

Na ruga bakin ƙofa. Na ƙwala, "Malam!" Maza uku suka juyo, don ashe su ma haka suke kiran kowane mai sana'a. Na ce, "Alhaji!" Wasu biyu suka juyo. Shi bai juyo ba, ga ƙarar jirgi, ga lasifika, kuma kira ne da ake yi wa kowa. Tsakanina da shi bai fi taku ashirin ba. Sunansa na yanka ya zo mini har kan harshe. Suna ne na Bahaushe tsantsa, babu mai shi a duk tashar nan sai shi, da na faɗa da ya juyo. Bakina ya ƙi. Na sa ƙafa ɗaya a matakala zan sauka, sai na tuna akwatuna, na waiwaya. Waiwayen nan da na yi aka busa usur, ƙofa ta rufe.

Ina kallonsa ta gilashi yana juyawa hagu da dama, hannunsa a miƙe kaɗan kamar mai lalube. Babu fasfo a jikinsa, babu waya, babu magani. Duk suna ƙuguna.

Ba zan iya gaya muku abin da ke tsakanin Miknas da Fas ba, don ban ga komai ba. Tsohuwar nan ce ta riƙe ni har muka sauka, ta kai ni ofishin tasha. Na yi Hausa, suka yi Larabci, suka yi Faransanci. Allah ya kawo wata Hajiya Rakiya, 'yar kasuwa daga Maraɗi da ta zo ziyara, ta ji ina salati da Hausa ta matso. Ita ta yi mana tafinta. Suka ce yaya sunansa, na zaro fasfo na miƙa. Hajiya Rakiya ta dube ni ta ce, "Yaya, har a nan ma?" Aka buga waya tashar Miknas. Aka ce an yi ta kira a lasifika ba wanda ya zo, ashe yadda suka murɗe sunan bai gane nasa ba ne. Sai da wani ma'aikaci ya bi benci-benci da ƙafa ya same shi a zaune, ya haɗa hannu a cinya. Suka sa shi a wani jirgin. Awa uku na yi a tsaye a bakin dandamali.

Da ya sauko, wani ma'aikaci na riƙe da gwiwar hannunsa, rigarsa da ƙura a gwiwa, alamar ya faɗi. Da mace ce mai hankali da ta ce sannu. Ni na ce, "Sai ka ce ƙaramin yaro! Kai da ka koyar da taswirar duniya, allo ɗaya ya gagare ka karantawa?" Hajiya Rakiya ta taɓa ni, na ture hannunta.

Masaukinmu na Fas a cikin tsohon gari yake. Lunguna kamar na cikin birnin Kano wajen kasuwar Kurmi, sai dai sun fi matsi, jakai da alfadarai ke dakon kaya, har da warin majema irin tamu. Gidan kuwa tsakar gida ne a tsakiya, ɗakuna kewaye, da ɗan famfo yana tsiyaya. A nan, bayan ya yi la'asar ya sha magani, ya ce in zauna.

Ya ce, "Allon nan, Hajiya, ban gan shi ba. Na san akwai rubutu, amma kamar an shafa masa koko. Ke ma yanzu da nake kallon ki, mayafinki nake ganewa."

Ya gaya mini komai, da likita, da Hadiza. Abin da ya fito daga bakina faɗa ne. Na ce ni za a mayar bare a gidana? 'Yar da na haifa ta sani ni ban sani ba?

Ya ce, "Da kin sani da kin bar ni na zo?"

Na ce, "Da ko tashar Unguwa Uku ba ka je ba."

Ya ce, "To kin gani."

Na ce to an gama. Ba wani Tanja. Sai an canja jirgi a hanya kafin a kai can, ni ba karatu ba, shi ba ido ba, in ya sake ɓacewa in ce wa 'ya'yansa me? Za mu zauna a nan har ranar komawa, a je gida a nemi magani, in ya warke baɗi ya dawo ya kalli Turai har ya gaji.

Ya ce, "Babu baɗi a idon nan. Duwatsu ne manya, Hajiya, in rana ta fito sosai zan iya ganin inuwarsu. Ke ki riƙa nuna mini allon, ki zana mini baƙaƙen a tafin hannu, ni in karanta. Mu biyu ai mun yi mutum ɗaya."

Na ce, "Allah ne mai ido, ba likita ba. Na gama magana."

Sau ɗaya ya roƙa. Malam ba ya roƙo sau biyu. Ya rufe littafinsa mai manyan baƙaƙe ya sa a ƙasan akwati. Hajiya Rakiya ta biyo mu washegari, ta ce ita ta san hanyar, za ta raka mu har inda ake canjin. Na ce mun gode. Ta ja ni gefe ta ce, "Yaya, tsoro ne ke damun ki, ba shi kike tausayi ba." Na ce ta kama gabanta. Matar da ta taimake ni ke nan, ko lambarta ban karɓa ba.

Kwana shida muka yi a Fas maimakon uku. Mun je ziyara, mun yi sallah a manyan masallatansu, na sayi turare da takalma masu tsini na tsaraba. Sauran lokacin yana zaune a tsakar gida yana sauraron famfo, kyanwar gidan a cinyarsa. Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Komai na ce sai ya ce to.

Ranar komawa Kasabalanka na zauna kusa da shi, babu jaka a tsakani, na damƙe gefen rigarsa. A wata tasha lasifika ta yi magana, cikin maganar na ji an ce Tanja, Tanja. Nan ne wurin canjin. Mutane suka miƙe da kayansu. Na ji jikinsa ya motsa, ya juya fuskarsa wajen ƙofa. Lokaci yana nan, kwana ɗaya ya rage mana kafin jirgin gida, da an je an kwana an dawo. Na san haka a lokacin, ba daga baya na sani ba. Na ƙara damƙe rigar. Ƙofa ta rufe.

Wata biyar da dawowarmu idon ya ƙarasa. Yanzu haske da duhu kawai yake bambancewa. Mun je asibiti, mun je wurin masu addu'a, na kai shi har Kaduna. Likitan bai yi ƙarya ba.

Tsofaffin ɗalibansa suna zuwa gaishe shi, wasu daga Hotoro, wasu daga Unguwar Gano, manyan mutane da furfurarsu. A zaure suke zama, ina jin su daga tsakar gida. Ran nan wani ya ce, "Malam, to ka ga wurin nan da kake zana mana kuwa?" Na tsaya cak da tire a hannu. Sai na ji ya gyara murya ya ce ya gani. Ya ce da hantsi suka isa, iska tana kaɗawa har ta kusa cire masa hula. Ya ce duwatsun suna nan a tsallake, shuɗi-shuɗi, kusa ƙwarai, kamar ka miƙa hannu. Ya ce, "Hajiya ce ma ta fara hangowa, ta ce mini ga su can." Ya ɗaga murya ya ce, "Ko ba haka ba, Hajiya?"

Kun san ni. Ban taɓa barin ƙarya ta wuce ta gabana ba, ko ta yaro ce ko ta babba. Na ce, "Haka ne, Malam."

Rifkatu ta ajiye biro ta ce anya a rubuta wannan? Na ce ta rubuta. Ku da kuka dame ni da tambaya, ga amsarku, kun ji yadda Maroko take. Abu ɗaya nake roƙo. In kun shigo gaishe shi ya fara ba ku labarin Tanja, ku zauna ku saurara har ya kai ƙarshe. Wanda ya gyara masa, ni da shi ne.